Teku, Tafki ko Kurmi: Ina Ya Fi Dacewa a Kai Ƙananan Yara Shan Iska a Legas?

Duk lokacin da hutun makaranta ko bikin Sallah ya ƙarato, magidanta da yawa a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago sukan fara tunanin inda za su kai iyali su sha iska, kuma da yake Legas gari ne da ruwa ya yi wa ƙawanya, abin da yara suka fi roƙo shi ne a kai su bakin ruwa. Sai dai ruwan Legas iri-iri ne. Akwai tekun Atlantika ta kudu, wanda igiyarsa ke kayar da babban mutum. Akwai tafkin Legas da gadar Third Mainland ta ratsa ta kansa, ruwa kwantacce amma marar tsabta. Sannan akwai fadamu da guntun kurmin da suka rage a yankin Lekki. Ga magidancin da 'ya'yansa ba su wuce shekara bakwai ko takwas ba, irin ruwan da zai tarar da kuma tsawon hanyar da zai bi da yaran su ne ya kamata su yanke masa shawara, tun kafin a zo kan kyawun hotunan da ake gani a Instagram. Wurare huɗu ne suka fi zuwa bakin mutane idan ana wannan magana: gaɓar Elegushi da makamantanta, Tarkwa Bay, bakin tafkin Jami'ar Legas da ke Akoka, da kuma gandun Lekki Conservation Centre.

Waɗanda suka daɗe a garin suna tuna zamanin da ba a doguwar shawara, domin da an ce yawon Sallah sai a nufi Bar Beach da ke Victoria Island. Wannan gaɓa yanzu babu ita, an cike wurin da yashi an kafa sabon birnin Eko Atlantic a kai. Labarin yadda ta zaizaye yana da amfani ga mai neman wurin kai yara, domin shi ne ke bayyana bambancin da ke tsakanin gaɓoɓin da suka rage. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe hanyar manyan jirage. Ruwan wannan yanki daga yamma yake kwaso yashi yana kai shi gabas, saboda haka da katangun suka tare hanya sai yashi ya riƙa taruwa ta yamma, gabas kuma teku ya riƙa cin ƙasa shekara da shekaru. Bar Beach tana gabas, shi ya sa ta ƙare. Tarkwa Bay kuwa tana lafe a jikin katangar yamma, wadda ke karya ƙarfin igiya kafin ta iso gaɓa.

Gaɓoɓin Lekki, wato Elegushi da ke Ikate da sauran da ke jere har zuwa wajen Ajah, ba su da irin wannan kariya. Suna fuskantar teku kai tsaye, yashinsu kuma yana da gangara, ta yadda igiya kan faɗo da ƙarfi a kusa da inda mutane ke tsaye, sannan ta koma tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa. Babba yakan dafe ya tsaya, amma yaro ɗan shekara uku ruwan da bai kai gwiwar mahaifinsa ba ya isa ya kwashe shi. Akwai kuma wuraren da ruwan ke yin wani siririn ziri yana komawa cikin teku da gudu, wanda ba kowa ke gane shi da ido ba, kuma shi ne yakan ja har waɗanda suka iya ruwa. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a kogin garinsu kada ya ɗauka cewa ya san wannan ruwa. Ban da batun haɗari, yanayin wurin ma bai cika dacewa da iyali ba: daga la'asar kiɗa ke tashi da ƙarfi, rumfunan sayar da barasa suna jere, shigar da ake yi kuma ba wadda uwargida za ta so 'ya'yanta su zauna suna kallo ba ce. Abin da wurin ke da shi na alheri shi ne mota tana isa har bakin ƙofa, akwai dawakan haya da yara ke murnar hawa, kuma ba a rasa mai tsire ko mai gasasshen kifi. Idan lallai sai an je, a je da hantsi, a zauna can sama inda yashi ya bushe, a bar wurin kafin la'asar. A shekarun baya iyalai da dama sun fi son Landmark da ke Oniru saboda tsarinsa, amma a ƙarshen watan Afrilun 2024 aka rushe ɓangarensa na bakin teku domin aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba, don haka kada a dogara da tsofaffin hotuna.

Tarkwa Bay ita ce amsar wanda ya nace cewa teku yake so yaransa su gani. Igiyarta ta fi laushi, gangararta ba ta kai ta Lekki ba, kuma babu mota ko babur da zai ratso ta inda yara ke wasa, tunda babu hanyar mota da ta isa can. Yaro yana iya wuni yana tona rami a yashi, ya ɗaga kai ya ga katafaren jirgin dakon kaya yana wucewa a hankali zuwa tashar Apapa ko Tin Can, abin da ko babba yakan tsaya ya kalla. Ana samun hayar kujeru da rumfa, kuma a ranakun da ba na biki ba hayaniyarta ba ta kai ta Elegushi ba. Duk da haka teku teku ne, laushin igiya ba ya nufin a saki hannun yaro a cikin ruwa, kuma kada a yarda yara su hau kan duwatsun katangar, domin suna da santsi da kaifi. Gaɓar da ke bayan katangar, wadda ake kira Lighthouse, tana fuskantar buɗaɗɗen teku, hukuncinta ɗaya da na Lekki.

Abin da ke sa mutum ya yi tunani sau biyu game da Tarkwa Bay shi ne jirgin ruwa. Ana hawa daga wajen CMS da Marina, ko daga tashar Five Cowries da ke Falomo a Ikoyi, inda ofishin hukumar kula da sufurin ruwa ta jihar, LASWA, yake, ko daga wasu matsayai a Victoria Island. Tafiyar ba ta da tsawo, ba ta cika wuce minti 20 ba, amma ƙananan jirage masu inji ne, suna gudu suna dukan ruwa, kuma idan suka haɗu da igiyar da babban jirgi ya tayar sukan yi tsalle har wanda bai saba ba ya kama salati. Doka ta wajabta wa kowane fasinja sanya rigar kariya daga nutsewa, kuma a nan ne iyaye suka fi yin sakaci, domin sau da yawa rigunan da ake miƙo wa mutane na manya ne. Rigar babba a jikin ɗan shekara uku ba ta da amfani, da zarar ya faɗa ruwa ita za ta taso sama shi ya zame ta ƙasa. Kafin a biya kuɗi a nemi a ga rigar yara, a ɗaura ta, a kama kafaɗunta a ɗaga. Idan ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa. Matuƙin da ya ce babu komai, a riƙe yaron a cinya kawai, a bar shi a nemi wani. Ita kuma mai goyo ba za ta iya sanya riga a kan goyo ba, kuma samun wadda za ta dace da jariri yana da wuya, shi ya sa a ganina iyalin da ke da jariri su ɗage zuwa Tarkwa Bay har sai ya girma.

Akwai ƙarin abubuwa biyu. Na farko, wuri ne da ba a fita daga cikinsa lokacin da aka ga dama. Idan yaro ya yanke a ƙafa ko zazzaɓi ya rufe shi, sai an jira jirgi, an tsallaka, sannan a fara neman asibiti. Na biyu, hukuma ta hana zirga-zirgar waɗannan jirage da dare, saboda haka kowa yakan yi tururuwar komawa a lokaci guda gab da magariba, kuma a irin wannan turmutsitsi ne ake yi wa jirgi lodin da ya wuce ƙa'ida. Mai yara ya kamata ya juyo tun da ƙarfe 4 na yamma. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna yankin, harkoki suka tsaya na wani lokaci kafin baƙi su ci gaba da zuwa, kuma har yanzu ba wuri ne mai wadatar shaguna da banɗakuna masu kyau ba, don haka ruwan sha, abinci, buta da kayan sauyi daga gida ake ɗauko su. Mazauna Obalende su suka fi kowa sauƙin zuwa, domin Falomo tana kusa da su. Mutanen Alaba Rago da Okokomaiko kuma, tun da jirgin ƙasa na Blue Line ya fara aiki a watan Satumban 2023 tsakanin Mile 2 da Marina, tafiyar kilomita 13, sun sami hanyar isa bakin ruwa ba tare da sun kwana a cunkoson Orile ba.

Bakin tafkin Jami'ar Legas ba ya cikin wuraren da ake tallatawa, kuma mutane da yawa ba su ɗauke shi wurin yawon iyali ba saboda yana cikin harabar makaranta, amma ga mai 'ya'ya 'yan shekara biyu zuwa biyar shi na fi ba da shawara. Jami'ar, wadda aka kafa a 1962, tana zaune a gaɓar tafki a Akoka, kuma a ƙarshen harabarta akwai fili mai manyan itatuwa da wuraren zama, yana kallon ruwa. Inuwa ita ce babbar falalarsa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe yaro a kan yashi mai zafi da tsakar ranar watan Maris ya san darajarta. Ruwan ba shi da igiyar da za ta fizgi kowa, iska tana kaɗawa daga kansa, ana hango gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990 zamanin Janar Ibrahim Babangida, motoci na bi ta kanta ƙanana-ƙanana, ga kuma masunta a kwale-kwale suna jefa birgi. Yaro ƙarami wannan ya ishe shi kallo, sauran lokacin kuma gudu zai yi a ƙarƙashin itatuwa, uwarsa na zaune a kan tabarma tana ganinsa.

Fa'idarsa ta biyu ita ce kusanci. Yawancin unguwannin da Hausawa suka fi yawa suna wannan ɓangare na gari, ba sai an tsallaka gada zuwa tsibiri ba. Daga Idi-Araba zuwa Yaba tafiya ce ƙanƙanuwa. Daga Mile 12 ana bin titin Ikorodu a motar BRT a sauka wajen Fadeyi ko Jibowu, sannan a nemi motar Akoka. Mutanen Agege kuma suna da jirgin Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, da katin Cowry ake biya, kuma shi kansa hawan jirgin rabin yawon ne a wurin yaro. A dai tabbatar da jadawalin ranar kafin a fito da iyali. A tuna cewa tun 2022 gwamnatin jihar ta hana acaba a ƙananan hukumomi da dama, har da wannan yanki, don haka ƙarashen tafiyar a mota za a yi shi. Fa'ida ta uku, wadda sauran wuraren ba su kama ƙafarsa a kanta ba, ita ce masallaci. Jami'ar tana da babban masallaci a cikin harabarta, da wurin alwala da ɓangaren mata, ta yadda azahar da la'asar ba za su zama abin damuwa ba.

Aibinsa ma a fili yake. Ruwan tafkin na kallo ne kawai, kwatocin gari da dama a cikinsa suke zuba, wani lokaci robobi da leda sukan taru a gefe, kuma akwai lokacin da kainuwa ke rufe bakinsa, yaro ya ga kore shar ya zaci ciyawa ce da zai iya takawa. Saboda haka kada a dogara da kwanciyar ruwan ko da wani shinge, a shimfiɗa tabarma nesa da gefe. Ba wurin lilo da kayan wasa ba ne, sai an zo da ƙwallo ko keken yara daga gida, kuma ɗan shekara tara zai gaji da shi cikin awa guda ya fara tambayar yaushe za a tafi. Da yamma ɗalibai sukan cika wurin, samari da 'yan mata bibbiyu, sauro kuma yana fitowa da zarar rana ta yi ƙasa. Makaranta ce mai masu gadi da ƙa'idojin shiga, a lokacin jarrabawa ko bikin yaye ɗalibai kuma cunkoso yakan yi yawa a ƙofa.

Gandun Lekki Conservation Centre yana shiga wannan lissafi ne duk da cewa ruwansa na fadama ne, ba buɗaɗɗen ruwan da ake zama a kalla ba. Gidauniyar Nigerian Conservation Foundation ce ta kafa shi a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78, a gefen babbar hanyar Lekki zuwa Epe, daura da ofishin kamfanin Chevron. Ana bin wata doguwar hanya ta katako da aka ɗora a kan fadamar, ana ratsa kurmi, birai suna tsalle a kan rassa, wani lokaci ma su sauko kan hanyar. Akwai ɗawisu da ƙaton kunkuru, akwai tafkunan kifi, sannan a can ciki akwai fili mai rumfuna inda aka zana manyan allunan dara da ludo a ƙasa. Abin da ya fi yi wa wurin suna shi ne gadar sama mai lilo, tsawonta mita 401, wadda aka buɗe a 2015, kuma a nan ne iyalai da yawa ke shan mamaki, domin ba a barin ƙananan yara su hau ta. Wanda ya taso daga Agege, ya tsallaka gada, ya ratsa cunkoson Lekki da 'yan shekara uku da huɗu saboda wannan gada, zai tarar cewa dole wani babba ya tsaya da su a ƙasa. Tafiyar ƙafar ma tana da tsawo ga gajerun ƙafafu, ƙarshenta sai an saɓa yaro a kafaɗa, katakon kuma yana santsi idan an yi ruwan sama. Birai sun saba da mutane, suna fizge abin da suka gani a hannu, don haka biskit da ayaba a cikin jaka ake ɓoye su. Ga 'yan firamare daga shekara shida zuwa sama kuwa, babu wurin da ya kai shi amfani a cikin huɗun, domin za su koma gida da abin da za su ba malaminsu labari.

Ta fuskar kuɗi, farashi yana sauyawa da sauri har ba a iya riƙe shi, amma tsarin kashewar bai sauya ba. A gaɓoɓin Lekki kuɗin ƙofa somin-taɓi ne, bayansa akwai na ajiye mota, na rumfa, na kujera, na doki, wasu wuraren ma har da na shigo da abinci daga waje. A Tarkwa Bay kuɗin jirgi zuwa da dawowa na kowane kai shi ne babban nauyi, kuma mai mata da 'ya'ya shida zai ji shi a aljihu. A gandun Lekki kuɗin shiga daban, na gadar sama daban, ga man mota ko kuɗin tasi na doguwar tafiya. Akoka ita ce mafi sauƙi nesa ba kusa ba. Ko'ina za a je, abincin gida a cikin kula ya fi kwanciyar hankali, ta fuskar tsabta da ta halal, musamman a bakin teku inda ake gasa nama iri-iri a kan waya guda.

Lokacin fita yana iya gyara wuri ko ya ɓata shi. Damina a Legas takan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi tsanani a watan Yuni, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. A tsakiyar waɗannan watanni teku ya fi haushi, kuma ba lokacin sanya yara a ƙaramin jirgi ba ne ko da gari ya waye garau. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa ya fi kwanciya, sai dai makonni biyun ƙarshe na Disamba kowace gaɓa cike take maƙil, farashi kuma ya ninka. Haka ma ranar Sallah da washegarinta, inda yaro kan ɓace a cikin taro cikin ƙiftawar ido. Wanda zai iya haƙuri zuwa kwana na uku ko na huɗu zai fi jin daɗi. A cikin mako kuwa safiyar Lahadi ta fi kowace, domin mutanen gari da yawa suna coci, tituna a buɗe suke, ana iya isa kafin rana ta yi zafi a kuma juyo kafin hanya ta cushe.

Idan aka haɗa waɗannan duka, iyalin da ke da goyo ko yaran da ba su kai shekara biyar ba su nufi Akoka, su yi awa biyu ko uku su koma gida kafin yara su fara rigimar barci. Waɗanda ƙaraminsu ya kai shekara biyar ko shida, yana jin magana, zai iya zama wuri guda a cikin jirgi, su ne Tarkwa Bay ta dace da su, da sharaɗin rani ne kuma an sami rigar da ta yi daidai da kowane yaro. 'Yan firamare masu yawan tambaya a kai su gandun Lekki. Elegushi da 'yan uwanta kuwa a bar su sai yara sun yi wayo. Inda shekarun yaran suka bambanta sosai, kamar yadda yake a yawancin gidajenmu, da mafi ƙanƙanta ake auna wuri, manyan kuma a yi musu alkawarin tasu fitar daban tare da mahaifinsu. A kowane bakin ruwa a raba yaran tun daga gida, kowane babba ya san sunayen waɗanda ke hannunsa, kada su wuce biyu, kuma kada a lissafa yayarsu 'yar shekara goma sha biyu a cikin manya, domin ita ma wasa ya kawo ta. A rubuta lambar wayar mahaifi a takarda a sanya a aljihun kowane yaro, kuma idan lokacin salla ya yi a yi ta bi da bi, wani yana salla wani yana tsaye a kan yara.